Ya ce ba zai ciyar da yaran ba sai na mayar masa da su

Tambaya: Mijina ya yi mini saki ɗaya wata biyu da suka wuce, bayan shekara goma muna tare. Yaranmu uku: namiji mai shekara takwas, mace mai shekara biyar, da jaririya 'yar wata goma da nake shayarwa. Ya aiko cewa in mayar masa da manyan biyu yanzu, ƙaramar kuma da zarar na yaye ta, kuma muddin suna hannuna ba zai ba da na ciyarwa ko na makaranta ba. Dangina sun ce in haƙura in ba shi, ai 'ya'yansa ne. Me shari'a ta ce? Idan kuma na yi wani aure, ina matsayin yaran?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya miki su. Na daɗe ina tsaya wa mata da maza a shari'un aure, kuma saƙon nan da aka aiko miki na ji irinsa daga bakin maza da yawa. Wasu mugunta ce tsagwaronta, wasu kuwa har ga Allah sun ɗauka haka addini ya ce. Zan amsa miki bisa mazhabar Malikiyya, wadda ta yi rinjaye a yammaci da arewacin Afirka, kuma da ita alƙalan kotunan Musulunci na Najeriya suke hukunci.

Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba, domin yana iya canza lissafin gaba ɗaya. Mai yiwuwa ne har yau ba ki gama idda ba. Iddar mace mai ganin al'ada tsarki uku ne, ba a ƙirga ta da watanni, kuma mai shayarwa sau da yawa al'adarta takan ɗauke. A Malikiyya, wadda shayarwa ta ɗauke wa al'ada tana nan cikin idda har jinin ya dawo ta cika tsarkinta uku. A cikin Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, akwai labarin matar Habbanu, wadda ya saka tana shayarwa, shekara guda ta wuce ba ta ga jini ba, ya rasu, Halifa Usmanu ya hukunta cewa tana da gado. To idan halin da kike ciki ke nan, sakin nan mai kome ne, kuma cinki da suturarki da wurin zamanki duk suna wuyansa, ke kanki, ban da na yara. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda. Mata da yawa ranar da aka miƙa musu takarda suke kwashe kaya, su yi asarar haƙƙin da ba su ma san suna da shi ba. Ki adana takardar sakin da kyau, ki rubuta ranar da aka ba ki ita, ki riƙa lura da kwanakinki.

Yanzu ga maganar yara. Kuskuren da ya yi, kuma danginki suka biye masa, shi ne cuɗa abubuwa uku da shari'a ta rarrabe. Akwai reno, wanda malamai suke kira hadana: wajen wa yaro zai kwana, wa zai yi masa wanka, ya ba shi magani, ya tashi da dare idan zazzaɓi ya kama shi. Akwai ciyarwa da abin da ya biyo ta. Akwai kuma walicci, wato ikon uba a kan tarbiyya da karatu da dukiyar yaro da aurar da 'ya mace. Da suka ce miki ai 'ya'yansa ne, gaskiya suka faɗa, saki ba ya cire masa sunan uba, walicci yana hannunsa, ciyarwa tana kansa. Amma reno naki ne, kuma babu wata ƙa'ida da ta ce wanda yake biya shi ne zai riƙe.

Asalin wannan hukunci hadisi ne da Abu Dawuda ya ruwaito. Wata mata ta zo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta ce ɗan nan nata cikinta ne mazubinsa, nononta ne abin shansa, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. Akwai kuma wani labari a Muwaɗɗa da nake so kowane uba ya ji. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, suna da ɗa mai suna Asim. Wata rana ya je Kuba, ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa a kan abin hawa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi ta ja, har suka je gaban Halifa Abubakar. Umar ya ce ɗana, ita ma ta ce ɗana. Abubakar ya ce masa ya sakar mata yaron. Umar bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Mutumin da duniya take shakka ke nan, amma a kan wannan ya sunkuyar da kai.

Har yaushe renon yake hannunki? Risala ta Ibn Abi Zaid, ɗaya daga cikin littattafan da ɗalibai suke karatun fiƙihu da su, ta faɗa ƙarara: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Babu zancen yaye a ciki, babu zancen shekara bakwai. Shekara bakwai ɗin da ake yawan ambata daga wasu mazhabobi ta fito. Hanafawa ne suke mayar da namiji ga uba a wajen shekara bakwai, Shafi'awa kuma sukan ba yaro zaɓi idan ya yi wayo. Malikiyya ta fi kowace mazhaba tsawaita wa uwa, kuma a ganina ta yi dubi mai zurfi, musamman a kan 'ya mace, wadda za ta shiga shekarun da take buƙatar macen da za ta buɗe wa cikinta ba tare da kunya ba.

Haƙƙin nan yana da sharuɗɗa, kada in ɓoye miki. Mai reno dole ta kasance mai hankali, mai amana, mai ikon kula da yaro, wurin zamanta ya zama amintacce, kuma ba ta da ciwon da zai cutar da yaron. Idan uba ya ce uwa ba ta dace ba, shi ne zai kawo hujja, ba a ƙwace yaro da zargin baki. Sai dai na sha ganin yadda ake ƙulla wa mace wannan tarko: a hana ta abin ciyarwa, ta fita nema daga safe zuwa dare, sannan a zo kotu a ce ta bar yara ba mai kula da su. Saboda haka idan za ki fita aiki ko sana'a, ki tabbata akwai babba sananne da kike bar wa yaran, wanda zai iya tsayawa ya ba da shaida.

Maganar tafiya ma ki san da ita. Idan uba zai ƙaura ƙaura ta zama, zuwa wuri mai nisan barid shida ko fiye, kimanin mil 72 a lissafin malamai, kuma hanya da garin suna da aminci, littattafan Malikiyya sun ba shi damar tafiya da yaro, sai dai in uwa ta yarda ta bi. Haka ke ma idan kika ƙaura da su nesa irin wannan, yana iya neman a karɓe su. Tafiyar kasuwanci ko ziyara ba ta cikin wannan. Kada ki kwashi yara ki bar gari cikin fushi ba tare da kin yi shawara ba, domin kina iya miƙa masa hujjar da ba shi da ita.

Sai batun aurenki, wanda na san shi ne yake hana ki barci. Idan kika auri wanda ba muharramin yaran ba kuma kika tare, haƙƙinki na reno ya faɗi. Amma a nan ne mutane suke tsallake layi, su ɗauka daga ke sai uba. A jerin da littafin fiƙihun Malikiyya, Muhtasar na Halil, ya kawo, bayan uwa sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai 'yar'uwar uwa, sai innar uwa, sannan kakar yaro ta wajen uba, sannan uban. Wato mahaifiyarki da yayarki ko ƙanwarki duk suna gabansa, in dai sun cika sharuɗɗa. Hujjar 'yar'uwar uwa kuwa tana cikin Buhari: da Aliyu da Zaidu da Ja'afar suka yi jayayya a kan riƙon 'yar Hamza, Annabi ya ba Ja'afar saboda innar yarinyar tana gidansa, ya ce inna tana matsayin uwa. Sharaɗi ɗaya da aka sa wa kaka shi ne kada ta zauna gida ɗaya da 'yarta da renonta ya faɗi. Shi ma uba, idan layi ya zo kansa, sai yana da macen da za ta kula da yaran a gidansa.

Akwai wuraren da aure ba ya zubar da reno. Idan wanda yake da haƙƙi bayanki ya san kin tare ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, ya makara. Idan jariri ya ƙi karɓar nonon kowa sai naki, ko babu wani mai reno amintacce, yaro yana nan wajenki. Amma ki riƙe wannan da kyau: a mashahurin zance na Malikiyya, renon da ya faɗi saboda aure ba ya dawowa ko da auren ya mutu. Ba ina hana ki aure ba ne, ke yarinya ce, kuma zaman zawarci don yara kawai ba wajibi ba ne a kanki. Abin da nake cewa, kafin a sa rana, a zauna da mahaifiyarki da uban yaran a tsara inda za su zauna, a rubuta, a sa hannu a gaban alƙali. Wasu ƙasashen da suke bin Malikiyya sun sassauta wannan da doka. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ce auren uwa ba ya zubar da renonta idan yaro bai wuce shekara bakwai ba, ko rabuwa da ita za ta cutar da shi, kuma ta ba yaro zaɓi idan ya kai 15.  Duk sun bi ruhi ɗaya da malamanmu suka gina babin a kai, wato maslahar yaro.

Mu koma kan ciyarwa, domin a nan ne maganarsa ta fi nisa da gaskiya. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafi a kan wanda aka haifa wa ɗan, kuma a cikin ayar Allah ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada a cutar da uba saboda ɗansa. Hana abinci don a tilasta wa uwa ta saki yara shi ne ainihin cutar da uwa da ɗanta. Ciyarwa tana kan uba har namiji ya balaga yana iya nema, mace kuma har ta tare a gidan miji. Idan yaro yana da naƙasar da ta hana shi nema, ciyarwar tana ci gaba. Ko da kina da albashi ko jari, wannan bai sauke masa nauyin ba, abin da kika kashe alheri ne daga gare ki. Malamai sun ma yi hasashen dabarar da zai iya zuwa da ita: ba shi da ikon cewa ki riƙa turo su su ci a gidansa su koma. Mai reno ita take karɓar abin ciyarwa a hannunta. Wurin kwanan yara ma alƙali yana duba rabon da ya hau kan uba. Idan iddarki ta ƙare kina shayarwa, kina da damar neman ladan shayarwa, aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ambace shi da sunansa. Ladan reno shi kansa ne Malikiyya ba ta ba uwa ba.

Nawa ne? Shari'a ba ta yanke adadi ba. Aya ta 7 ta ce mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, an ce mata ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa abin da aka sani na adalci. Don haka alƙali abu biyu yake aunawa, buƙatar yara da ƙarfin uba, kuma dukansu da hujja ake nuna su. Ba na manta wata baiwar Allah da na taɓa tsaya wa. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta zo da littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi laushi don yawan ɗauka. Kowane shafi wata ɗaya ne, ta ja layi da biro ta raba shi gida uku, ci da magani da makaranta, ta maƙala rasidai da allura a gefe, har da katin asibiti na ranar da ƙaraminsu ya kwana ana ƙara masa ruwa. Alƙali ya yi ta buɗawa shafi bayan shafi bai ce komai ba, sannan ya miƙa wa uban ya ce ya nuna wanda ƙarya ne a ciki. Mutumin ya duba, ya rufe, ya ce bai san abin ya kai haka ba. Na yarda da shi, domin maza da yawa ba su taɓa lissafa abin da yaro yake ci a wata ba. Matan da suke zuwa da kuka kawai suna cewa komai ni nake yi, gaskiya suke faɗa, amma sukan fita da abin da bai taka kara ya karya ba. Ki sayi littafinki yau.

Ga wani abu da jinkiri yake cinyewa. A Malikiyya, ciyarwar yara ta watannin da suka wuce tana faɗuwa idan lokaci ya shige, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi. Wato matar da ta yi shekara uku tana haƙuri, sannan ta zo neman na baya, za ta sha wuya kafin ta samu. Mafita ita ce ki nemi a yanke adadi tun yanzu, kafin nan kuma ki kafa shaidu biyu cewa abin da kike kashewa bashi ne a kansa, ba kyauta ba. Idan an yanke, a rubuta ranar biya da hanyar biya. Turawa ta banki ta fi, domin tana barin shaida kuma tana rage haɗuwar da take kawo cacar baki. A raba kuɗin makaranta da na asibiti daga na ci, kuma ki sani kina iya komawa a ƙara idan rayuwa ta yi tsada, shi ma yana iya neman ragi idan samunsa ya karye. Mai hali da ya ƙi bin hukunci, kotu tana da ikon tilasta shi.

Ki yi hattara da takardar sulhu. Malikiyya ta halatta mace ta yi hul'i, wato ta fanshi kanta daga aure, a kan ta yafe renonta ko ta ɗauke nauyin ciyar da jariri, kuma na ga matan da suka dangwala hannu a kan haka cikin ɗokin su rabu da masifa, daga baya suka zo suna kuka. Ke an riga an sake ki. Kada ki sa hannu a kan abin da ba a karanta miki ba a gaban wanda kika amince da shi.

Ta ina za ki fara? Da sulhu, in zai yiwu. A samu dattijo ɗaya daga wajenki, ɗaya daga wajensa, da malami masanin fiƙihu da zai buɗe littafi ya karanta masa. Sau da yawa namiji yakan sauko idan ya ji hukuncin daga bakin da yake girmamawa, ba a gaban jama'a ba. Idan an daidaita, a kai kotu ta mayar da shi hukunci, domin alkawarin baki yakan narke ranar da amarya ta shigo. Idan ya ƙi, ki shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci mafi kusa, ki nemi abu uku a fili: tabbatar miki da reno, yanke ciyarwa, da tsara ziyara. Zuwa kotu neman haƙƙin yara ba rashin kunya ba ne, matan sahabbai sun yi. A Najeriya, sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa aure da mutuwarsa da riƙon yara cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, don haka idan hukuncin ƙaramar kotu bai yi miki ba akwai gaba, amma wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, ki karɓi kwafin hukunci da wuri. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Wanda kuwa aka ɗaura aurensa a rajista, shari'arsa Babbar Kotu take zuwa a ƙarƙashin dokar shari'un aure ta 1970, inda sashe na 71 ya sa maslahar yara gaba da komai.

Yanzu zan juyo kanki, kuma ina roƙon ki saurare ni da zuciya ɗaya, domin duk abin da na faɗa a sama yana iya zama makami a hannunki kamar yadda ciyarwa ta zama makami a hannunsa. Littattafan da suka ba ki reno su ne suka ce uba yana da haƙƙin bibiyar ɗansa, da ladabtar da shi, da tura shi makaranta, yaro ya yini a abin da uba ya tsara masa ya dawo ya kwana wajen uwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, a sashe na 9, ta ce yaron da iyayensa suka rabu yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su biyun. Ko bai biya ba, kada ki hana shi ganinsu. Bashin ki bi shi a kotu, yaran kuwa ki bar su su ga ubansu. Ɗanki mai shekara takwas yana shiga lokacin da yake kallon namiji ya koyi yadda ake zama namiji, ke ba za ki iya ba shi wannan ba komai ƙoƙarinki.

Zaɓen makaranta yana cikin walicci, amma ba a yarda a yi amfani da shi don a karya reno ba. Idan ya ce zai cire yaron ya tura shi wani gari karatu don kawai ya raba ku, ki kai wa alƙali. Karatu wajibi ne a kan ku biyun, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 a Najeriya ta wajabta shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Shawarata, a shekarar farko bayan rabuwa kada a canza wa yaro makaranta in ba dole ba. Gida ya riga ya canza masa, a bar masa ajinsa da abokansa da malamin da ya saba da shi. Ki je ki sanar da malamin a keɓe, domin ya gane dalili idan ya ga yaron ya yi shiru ko ya fara faɗa ko makinsa ya sauka. Ki sa a riƙa aika wa uban sakamakon jarrabawa, a kira shi taron iyaye. Uban da yake ganin takardar ɗansa ya fi saurin biyan kuɗin makaranta a kan wanda ba ya jin labari sai ranar da kuɗi suka ƙare. Ku daidaita kuma a kan manyan abubuwa, salla, lokacin barci, waya da talabijin, don kada yaro ya gane cewa abin da aka hana a nan ana bari a can. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Masu nazarin halayyar yara sun daɗe da lura cewa abin da ya fi yi wa yaro illa shi ne rigimar da take ci gaba a kansa bayan an rabu, fiye da rabuwar ita kanta. Na ga wannan da idona a barandar wata kotu. Uwa da danginta suna benci ɗaya, uba da nasa suna ɗaya, sai yaro ɗan kimanin shekara bakwai ya tsaya a tsakiya riƙe da takalmin ƙanwarsa. Uwa ta yafito shi, ya taka biyu ya waiwaya ya ga uba yana kallonsa, ya tsaya. Ya ƙare ya zauna a ƙasa tsakanin bencin biyu, ya sa kai a gwiwa. Ba wanda ya dake shi, ba wanda ya zage shi, amma ranar na koma gida jikina a sanyaye. Tun daga lokacin nake roƙon duk wanda na tsaya wa kada ya zo da yara kotu sai alƙali ya nema.

Saboda haka kada ki aiki ɗanki ya karɓo kuɗi wajen ubansa, kada ya zama shi yake dawo miki da amsar babu. Idan sun dawo daga can, kada ki titsiye su da tambayar me aka dafa, wa ya zo, me aka ce a kaina. Kada ki zagi uban a gabansu, ki kuma hana 'yan'uwanki, domin yaro ya san rabinsa daga mutumin nan yake, duk zagin a jikinsa yake sauka. 'Yar shekara biyar ɗin nan ki sa mata ido sosai. Yara masu irin shekarunta sukan ɗauka su ne suka jawo, wai don sun yi rashin ji ne Baba ya tafi. Tana iya komawa fitsarin kwance ko tsotsar yatsa ko ta maƙale miki ko'ina. Kada a doke ta a kan wannan, yakan wuce idan hankalinta ya kwanta. Ki zaunar da su ki faɗa musu da kalmomi kaɗan cewa ke da babansu ba za ku zauna gida ɗaya ba, ba laifinsu ba ne, kuma shi babansu ne har abada. Za su sake tambaya bayan kwana biyu, ki sake ba su amsar nan dai.

Idan wannan amsa ta kai ga uban yaran, malam, ina yi maka magana a matsayin ɗan'uwa. Na san tsoronka: kada a raba ka da 'ya'yanka, kada su tashi a gidan wani a matsayin agola, kada kuɗinka su tafi inda ba ka nufa ba. Tsoro ne mai dalili, kuma kowanne yana da magani a shari'a. Ka nemi a rubuta maka ranakun ziyara da hutun makaranta, ka biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ka riƙe katin asibitinsu. Amma hana abinci ba ya cikin maganin. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Idan ka ƙara aure ka samu wasu 'ya'yan, ka tuna da Bashir, mahaifin Nu'umanu, wanda ya yi wa ɗa ɗaya kyauta ya nemi Annabi ya yi shaida, aka tambaye shi ko ya yi wa sauran haka, ya ce a'a, Annabi ya ƙi shaidar ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Waɗanda suke gidan uwarsu suna cikin wannan lissafi daidai da waɗanda suke gabanka.

Ke kuma 'yar'uwa, ranar farko da za su je wajensa za ta yi miki nauyi, ki shirya mata tun daren jiya. Ki haɗa musu jaka da kanki, ki sa kayan sawa da littafin aikin gida da maganin da suke sha, ki rubuta yadda ake ba da shi a 'yar takarda. Ki faɗa wa 'yar shekara biyar ɗin ranar da za ta dawo da abin da take ganewa, kwana biyu, bayan la'asar. Jaririyar kuwa tana kan nono, ba ta kwana a wani wuri, ya zo ya gan ta a inda kuka amince, da wani babba a wurin. Ki raka su bakin ƙofa, ki gaisa da wanda ya zo ɗaukarsu, ki ce su gaishe da babansu. Kukan ki riƙe shi sai sun sha kwana.